Sanin Lokacin da Kunnen Yaro Yake Buɗe: Shawarwari ga Gidajen 'Yan Wasa

A Kafanchan da kewayenta da wuya ka ga filin makarantar firamare yana hutawa bayan la'asar. Daga Takau zuwa Katsit, daga Aduwan zuwa Bayan Loko, har can Kagoro da Zonkwa da Kwoi, yara na bin ƙwallo, kuma a gefen yawancin filayen akwai wani mutum da usur a wuya wanda kowa ke kira Koci. Galibinsu ba albashi suke karɓa ba. Wani malamin makaranta ne, wani makanike, wani tsohon ɗan wasa ne da ciwon gwiwa ya zaunar. Na daɗe ina kallon aikinsu, kuma abin da na ga ya raba gwani da ɗan koyo a cikinsu shi ne sanin lokaci. Gwani ya san sa'ar da kunnen yaro yake buɗe. Maganar da ya faɗa a wannan sa'ar takan zauna, alhali da ya faɗe ta kafin nan ko bayan nan da iska ta kwashe.

Sai dai koci awa biyu kacal yake da yaro a yini. Sauran lokacin na gida ne, kuma a gida ne ake ƙarasa darasin ko a ɓata shi. Shi ya sa waɗannan shawarwari na iyaye ne da yayye da kawunnai, duk wanda ke wanke rigar ƙwallo ko biyan kuɗin takalmi.

1. Ku je fili ku ga yadda kocin yake gyara kuskure

Kada ku jira ranar gasa. Ku je ranar atisaye, ku tsaya daga nesa. Ga abin da za ku gani wajen koci mai ido. Yaro ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya sunkuyar da kai yana son yanke mutum uku, aka ƙwace. Nan take usur ya yi ƙara. "Kowa ya tsaya inda yake!" Yara suka ƙame. Koci ya taka zuwa wurin yaron, ya mayar masa da ƙwallon gaban ƙafarsa, ya ce, "Ɗago kai, yarona. Wa kake gani a hagu?" Yaron ya waiga, sai ga abokinsa shi kaɗai a gefen layi, babu mai tsaronsa. "To, sake." Ya sake, ya miƙa ƙwallon, wasa ya ci gaba. Duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Dalilin da wannan ke aiki shi ne, komai yana nan a idon yaron: inda ya tsaya, inda abokinsa yake, da haushin ƙwallon da aka ƙwace masa yanzun nan. Da an bari sai an tashi an tara su ana dogon jawabi, da ya manta wurin da ake nufi. Wani kocin kuma durƙusawa yake yi ya zana layi a ƙasa da tsinke, ya jera tsakuwa huɗu, ya ce wa yaro ya motsa tasa da hannunsa. Wanda ya kamata ku yi hattara da shi shi ne mai busa usur kowane minti, domin yaran da ake tsayarwa kullum sukan daina tunani, su koma kallon bakin koci. Haka ma wanda ba ya da gyara sai zagi.

2. Hanyar komawa gida ba wurin gyara ba ce

Hausawa sun ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma a filin atisaye maganar gaskiya ce. Amma ranar da aka ci su a gasa, ko yaro ya ɓarar da fanareti a gaban 'yan unguwa, kunnensa a toshe yake. Ya riga ya san abin da ya yi, ya fi kowa sani. Uban da ya ɗora shi bayan babur ya soma lissafa masa laifuffuka tun daga bakin fili har ƙofar gida, abin da yake koya masa kawai shi ne ya riƙa ɓoye ranar wasa.

Ku ba shi ruwa, ku ba shi abinci, ku bar shi ya yi wanka ya kwanta. Sannan ku sa ido. Alamar buɗewar kunne ba ta ɓuya: za ku ga washegari yana dukan bango da ƙwallo ta kusurwar da ya ɓarar jiya, ko yana wanke takalminsa ya ce, kamar ba da kowa yake ba, "Da na san golan zai faɗi dama…" To, nan ne wurin magana. Wani yaron da dare yake buɗe baki, wani sai bayan kwana biyu. Uwa ta fi kowa sanin nata.

3. Ku tambaya kafin ku faɗa

"Me ka gani lokacin da ƙwallon ya zo maka?" "In ya sake zuwa haka, yaya za ka yi?" Tambaya biyu sun isa. In ya ba da amsar da ba ta yi muku ba, kada ku yi saurin gyarawa. Ku ce ya kai wa Koci ita gobe ya ji abin da zai ce. Gyara ɗaya a zama ɗaya. In kun haɗa masa uku, babu wanda zai riƙe.

4. Baki ɗaya ya isa a gefen fili

Koci ya ce wa yaro ya riƙe ƙwallo ya nemi abokinsa, ga baba can yana ihu, "Buga gaba! Buga gaba!" Wa zai bi? Ɗan shekara goma ba zai iya saɓa wa mahaifinsa a gaban jama'a ba, kuma ba zai iya saɓa wa kocinsa ba, sai ya daburce ya rasa duka biyun. Ku yi tafi, ku kira sunansa, amma ku bar umarni ga mai usur. In kuna ganin kocin ya yi kuskure, ku same shi shi kaɗai bayan an watse. Kuma ku kiyaye harshenku a kan alƙalin wasa, domin duk kalmar da kuka jefe shi da ita ɗanku ya adana ta, zai yi amfani da ita mako mai zuwa.

5. Benci da canjin gurbi ba wulaƙanci ba ne

Babu ƙarar da ke zuwa gida kamar wannan: "Mama, Koci ya mayar da ni baya, ni kuwa ɗan gaba ne." Kafin ku ɗauki mayafi ku nufi fili, ku ba shi labarin Victor Moses, wanda ya taso a Kaduna. Chelsea ta saye shi a 2012, amma shekara uku a jere tana ba da shi aro, daga Liverpool zuwa Stoke City zuwa West Ham. A watan Satumba na 2016 Arsenal ta lallasa Chelsea da ci 3 da nema. Sabon kocinsu Antonio Conte ya ɗauki wannan kaye a matsayin damar sauya tsari, ya koma 'yan baya uku, ya ɗauko Moses da ya saba kai hari ya ɗora shi a gefen dama yana hawa yana sauka, yana tsaro yana kai farmaki. Chelsea ta ci wasa 13 a jere a gasar Firimiya, ta ɗauki kofin a 2017, kuma wannan ce kakar da Moses ya fi haskawa a Ingila. Da ya ce shi ɗan gaba ne ba zai koma baya ba, da wataƙila aro na huɗu za a ba da shi.

Wani lokaci ma wasan ne gaba ɗaya bai dace da jikin yaro ba. Hakeem Olajuwon da can gola ne a ƙwallon ƙafa a Legas, yana kuma buga ƙwallon hannu, bai soma ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. Ya ci kofin NBA sau biyu da Houston Rockets, a 1994 da 1995, kuma shi da kansa ya sha danganta saurin ƙafarsa da wasan ƙwallon da ya yi yana yaro. In koci ya ce 'yarku ta fi dacewa da gudu ko ƙwallon raga, ku saurare shi.

Abin da za ku sa yaro ya yi shi ne ya je da ladabi ya tambaya, "Koci, me zan gyara in samu shiga?" Kocin kirki yana da amsa a shirye. Wanda ba shi da amsa, to a nan ne ku iyaye za ku shiga.

6. Ku mayar da kallon ƙwallo aji

Yaranmu suna kallon wasa fiye da yadda suke bugawa, ko a gida ko a gidan kallo. In kun zauna tare, ku ce ya bar bin ƙwallon da ido na minti biyar, ya bi ɗan wasa ɗaya mai buga gurbinsa. Ina yake tsayawa in ƙwallo ba ya wurinsa? Sau nawa yake waigawa kafin a miƙo masa? Yara da dama ba su taɓa lura cewa manyan 'yan tsakiya suna leƙa kafaɗarsu tun ƙwallo bai iso ba.

Ku kuma nuna musu wasannin da aka farfaɗo bayan an yanke ƙauna. A gasar Olympics ta Atlanta a 1996 Brazil tana gabanmu da ci 3 da 1, saura kusan minti goma sha biyu Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma ci na nasara a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe da Ajantina, biyu daga ƙwallaye ukun da suka ba mu zinare 'ya'yan Kaduna ne suka ci, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi. Na kusa-kusa kuma, a Rabat a watan Yuli na 2025, Maroko ta tafi hutun rabin lokaci tana gaban Super Falcons da ci 2 da nema, 'yan matan Justin Madugu suka dawo suka ci 3, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Ku tsayar da hoton daidai lokacin da ake baya, ku tambayi yaro: da kai ne kyaftin, me za ka ce wa 'yan'uwanka?

7. Zagin ƙabila ko addini ba ya jiran gobe

Na ce a yi haƙuri a jira lokaci. Wannan ɗaya ba a jira.

Filin ƙwallo a garin nan yana haɗa yaran da da wuya wani wuri ya haɗa su. Ɗan Fantswam, ɗan Bajju, ɗan Atyap, ɗan Kaninkon, ɗan Ham, Bahaushe, Bafulatani, Ibo da kakansa ya zo aikin jirgin ƙasa, duk riga ɗaya, kuma da Hausa suke kiran juna a miƙo ƙwallo. Wani daga coci ya taho, wani daga Islamiyya. Mu kuwa manya mun san rikice-rikicen da garin ya gani a watan Maris na 1987 da Afrilun 2011, mun san unguwannin da suka rabu tun daga lokacin. Yaran ba su ga yawancin wannan da idonsu ba, amma sun ji kalmomin, kuma ranar da aka taɗe wani ya faɗi ya kurje gwiwa, kalmar da ya taɓa ji a tsakar gida ita ce za ta fito.

Na ga kocin da ya san aikinsa a irin wannan rana. Bai yi tsawa ba. Ya busa usur, ya ɗauki ƙwallon ya maƙale a hammata, ya ce kowa ya zauna a ƙasa. Ya kira yaran biyu gabansa, ya tambayi wanda ya yi zagin, "Wa ya ba ka ƙwallon da ka ci ranar Asabar?" Yaron ya yi shiru, don wanda ya zaga ɗin ne. Koci ya sa ya nemi gafara da bakinsa, ya fitar da shi sauran atisayen ranar, washegari kuma ya haɗa su biyun a gefe ɗaya, wannan ba zai ci ba sai wancan ya miƙo masa. Hukuncin bai yi tsanani ba, amma duk wanda ke zaune a ƙasa ranar ya gane inda iyakar take.

Aikin gida a nan kashi biyu ne. In an kawo muku ƙarar ɗanku, ku mara wa koci baya, kada ku ce ai wasan yara ne. Sannan ku bincika inda ya ji kalmar, ko da amsar ba za ta yi muku daɗi ba. In kuma ɗanku aka zaga, kada ku cire shi daga ƙungiyar ku kai shi wadda 'yan coci ɗaya ko 'yan masallaci ɗaya suka cika. Ku je ku ga kocin, ku nemi a gyara. Ƙungiyar da ta haɗa unguwanni abu ne mai tsada a Kudancin Kaduna, ba a barin ta ta watse a kan kalma ɗaya. Ku gayyaci abokan wasansa gida ranar Kirsimeti ko ranar Sallah, ku san sunayen iyayensu.

8. 'Ya mace ma tana da koci, ku san shi

Asisat Oshoala ta sha faɗin yadda iyayenta suka ƙi yarda da ƙwallonta da farko. Yau sau shida ke nan ana zaɓenta gwarzuwar 'yan wasan Afirka. Amma damuwar iyaye tana da tushe, kuma maganinta ido ne, ba hani ba. Atisaye ya kasance a fili a buɗe, ya tashi kafin magariba, kuma babu zuwa ɗakin koci ita kaɗai da sunan ƙarin horo. In za a yi tafiya zuwa Kaduna ko Jos, a samu mace babba a cikin motar. Kocin da ke da gaskiya shi zai fara neman haka. Ku kuma lura, 'yan mata da yawa sukan janye daga wasa sa'ar da jikinsu ya fara canzawa, ba tare da sun faɗi dalili ba. Wannan lokaci ne na uwa ko yaya ta zauna da ita su yi magana a fili, a nemo mata rigar ciki da audugar da za ta iya gudu da su hankali kwance.

9. Rauni dama ce ta koya masa sauraron jikinsa

Yara suna ɓoye ciwo don kada a cire su. Ranar farko da ya dawo yana ɗingishi, ku nuna masa cewa faɗin gaskiya a kan ciwo ba ragwanci ba ne. In kai ya bugu, ko da kan wani ko da ƙasa, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. In amai ya biyo baya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ruɗewa, ko barcin da ba a saba gani ba, asibiti za a nufa ba kemis ba. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai, a 2020 kuma ta Ingila ta ce a daina koya wa 'yan firamare shi a atisaye. Babu abin da ƙaramin yaro zai rasa in ya jinkirta.

Mu kuma nan ƙasar ruwa ce. Da damina, in an ji tsawa a tashi daga fili a shiga aji ko wani gini. Gindin mangwaron bakin fili ba mafaka ba ne.

10. Ranar da aka ce a rage shekaru, ko dillali ya zo

Wannan jarrabawar ta iyaye ce, yaro kuma yana kallo. Wani zai zo ya ce a sake takardar haihuwa a cire shekara uku don ya shiga gasar 'yan ƙasa da 15. In kun yarda, kun rushe duk abin da koci ya koya masa a kan gaskiya, kuma dabarar ma ta daina ci. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI. A 2016 'yan Golden Eaglets 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya. Ku karɓi takardar haihuwa ta gaskiya daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ku adana.

Dillalin da ya ce a sayar da buhunan citta ko a jinginar da gona a ba shi kuɗin biza da gwaji a Turai, ku sani dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai kai 18 ba wata ƙasa, sai a wasu 'yan sharuɗɗa da ba su cika shafar yaranmu ba. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Manyan 'yan wasanmu ma a gida aka fara ganinsu: Amokachi a Ranchers Bees ta Kaduna kocin Najeriya Clemens Westerhof ya gan shi ya tafi da shi gasar Afirka ta 1990, daga nan ya wuce Club Brugge. Ahmed Musa daga Jos ya bi ta Kano Pillars. Ku zaunar da yaron a wurin sa'ar da kuke yi wa dillalin tambayoyi, ya ji yadda ake tambaya da kunnensa.

11. Ku haɗa kai da koci a kan makaranta, ku riƙa gaya masa halin gida

Akwai maganar da yaro ba zai ji daga bakin uba ba, amma in Koci ya faɗa sau ɗaya ta zauna. Ku yi amfani da wannan. Ku kai masa sakamakon jarrabawa kowane zango, ku amince tare cewa wanda ya yi fashin aji ba zai sa riga ranar Asabar ba. Masai Ujiri a Zariya ya taso, a can ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson. Bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin a 2019, kuma tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa take horar da yara a nahiyar nan. Wasa yana da ƙofofi da yawa bayan ta ɗan wasa, akwai alƙalanci da horarwa da aikin jarida da gashin ƙashi, kuma kusan dukkansu sai da takarda ake shiga.

Koci kuma ba zai gane lokacin magana ba in bai san abin da yaro ya baro a gida ba. In an yi rasuwa, in zazzaɓi ya kwantar da shi makon jiya, in tun asuba yake gona ana haƙar citta, ku aika a gaya masa kafin atisaye, don kada ya ɗauki gajiya a matsayin lalaci ya yi masa faɗa a ranar da lallashi yake bukata. Ku karɓi lambar wayarsa. In iyaye biyar suka haɗa kuɗi duk wata, za su iya saya wa ƙungiya ƙwallo ɗaya da jarkar ruwan sha da ɗan akwatin bandeji da aidin, su kuma tsara wanda zai riƙa raka yara gida in atisaye ya kai duhu.